Gangamin jarumai a komik ya ishe mu haka, a bar mu mu karanta labari

Malam Edita, assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya kai da sauran ma'aikata, Allah ya ƙara basira. Don Allah ka ɗan ba ni fili in yi magana a kan wani abu da ba kasafai ake kawo shi a shafin wasiƙu ba, wato littattafan komik, masu ba da labari da zane-zane, na jarumai da kamfanonin Amurka guda biyu ɗin nan, Marvel da DC, suke bugawa. Na san wani zai ce ai wannan kayan yara ne, to amma akwai mu da yawa da muke bibiyar su da gaske, kuma tunda fina-finan jaruman nan suka yi tashe matasa da dama sun fara neman asalin littattafan, sai dai abin da suke tararwa a can shi ne abin da ya gajiyar da mu tsofaffin masu karatu, wato gangami a kan gangami ba hutu.

Ga wanda bai sani ba, manyan jarumai kowanne yana da nasa littafin da yake fitowa wata-wata, Spider-Man nasa daban, Thor nasa daban, Batman nasa daban. To wani lokacin sai kamfani ya ce ga wata babbar masifa ta taso wadda jarumi ɗaya ba zai iya da ita ba, sai a tattaro su gaba ɗaya a labari guda mai fitowa bakwai ko takwas ko goma sha biyu, wannan haɗuwar ita nake kira gangami, sannan a ce da yawa daga littattafan na wata-wata dole su tsaya da nasu labarin su bi wannan ɗin. Waɗannan su nake kira 'yan rakiya, kuma su ne inda ciwon yake.

A farko abin ya yi armashi, ba zan ɓoye ba. A 1984 Marvel ta fitar da Secret Wars fitowa 12, kuma sananne ne cewa yarjejeniya da kamfanin kayan wasan yara na Mattel ce ta haifar da shi, kenan tun daga tushe akwai lissafin kasuwa a ciki. A 1985 DC ta yi nata, Crisis on Infinite Earths, shi ma fitowa 12, Marv Wolfman ya rubuta George Pérez ya zana, kuma shi wannan yana da dalili mai ƙarfi, kamfanin ya cika shekara 50, duniyoyin labaransu sun yi yawa sun cakuɗe har sabon mai karatu ba ya gane wane ne wane cikin jaruman da suke amsa suna ɗaya kamar Flash, sai suka ce bari a rushe a dunƙule su wuri ɗaya. A ciki Supergirl ta mutu, Barry Allen wato Flash shi ma ya mutu, kuma ka ji inda nake so a lura, Barry bai dawo ba sai 2008, sama da shekara ashirin kenan, yaron da yake taimaka masa Wally West shi ya gaji sunan har wasu suka taso ba su san wani Flash ba sai shi. Mutuwar ta yi nauyi saboda an bar ta ta zauna.

Yanzu fa? Tun daga wajen 2005 abin ya zama na kowace shekara, wani lokacin ma biyu a shekara. Marvel kaɗai ta yi House of M a 2005, Civil War a 2006, Secret Invasion a 2008, Siege a 2010, Fear Itself a 2011, Avengers vs. X-Men a 2012, a 2013 guda biyu, a 2014 guda biyu, sai wani Secret Wars ɗin kuma a 2015, Civil War II a 2016, Secret Empire a 2017, haka nan dai har yau ba a tsaya ba, kuma kowanne ana tallarsa da cewa daga shi komai ya canza har abada. DC ma ba a bar ta a baya ba, kalmar Crisis ɗin nan sun yi ta maimaita ta a 2005 da 2008 da 2022. Haba jama'a, duniya nawa za ta tashi? Idan duk shekara ana ce maka ƙarshen komai ya zo, a ta huɗu ko ta biyar zuciyarka ba za ta ko motsa ba, kuma ba laifinka ba ne.

Amma abin da ya fi ci min rai ba yawan ba ne kawai, yadda ake shiga cikin littafin da ni na zaɓa da kaina ne a karɓe shi. Kana bin labari, marubuci ya yi wata shida yana gina wata matsala tsakanin jarumi da 'yar'uwarsa ko da wani abokin gaba, kana jiran ka ga yadda za ta kaya, kawai sai fitowa ta gaba ka buɗe ka tarar wasu halittu sun sauko daga sama gari na ci da wuta, a ƙasan shafi an rubuta maka wai in kana son ka gane me ya faru ka je ka sayi wani littafin daban. Wata uku ko huɗu ana haka, in an gama sai a dawo da kai inda aka tsaya, in ma an dawo ɗin kenan, don sau da yawa marubucin ya tafi, an sake lamba an koma ta 1. Ga kuma kuɗi, an daɗe ana sayar da littafi ɗaya yawanci kusan dala 4, na gangami kuwa ya kan kai dala 5 ko 6, to ka ɗauka babban labarin fitowa takwas ne a dala 5, dala 40 kenan, ka ƙara 'yan rakiya talatin a dala 4, wata dala 120, duk don labari ɗaya da rabin shafukansa maimaicin faɗa guda ne ta fuskoki daban-daban.

Bari in ba da misali da yarinyar da na san da yawa daga cikinmu ita ta jawo su, Kamala Khan wato Ms. Marvel. Littafinta ya fara a 2014, G. Willow Wilson ta rubuta, yarinya ce 'yar shekara 16 musulma, iyayenta 'yan Pakistan mazauna Jersey City, kuma abin da ya sa mutane suka so ta shi ne ƙananan abubuwa, yadda take ɓoye wa mahaifiyarta fitar dare, yadda take cacar baki da yayanta Aamir, yadda take zuwa wurin malamin masallacinsu tana tsoron faɗa sai ta samu nasiha. Kundin farko har lambar yabo ta Hugo ya ci a 2015. To littafi yana cikin tafiya daidai sai Secret Wars ya zo, aka ce duniya za ta ƙare, dole aka rufe shi a fitowa ta 19, aka sake buɗewa da lamba 1 a ƙarshen shekarar 2015. Ko shekara bai yi ba sai ga Civil War II, wanda ya fito a shekarar da fim ɗin Captain America: Civil War ya fito, aka sake jan ta ciki, aka ɓata tsakaninta da jaruma Carol Danvers, wato Captain Marvel, da take ɗauka a matsayin abar koyi, amininta Bruno ya ji mummunan rauni ya bar gari. Gaskiya marubuciyar ta yi ƙoƙari sosai, ta juya abin da aka ɗora mata ta fitar da labari mai taɓa zuciya, amma wannan ƙwarewarta ce, kuma har yanzu ina tambayar kaina wane labari ta so ta bayar da ba a katse ta ba. Sannan a 2023 aka kashe Kamala, ba ma a nata littafin ba, a cikin na Spider-Man fitowa ta 26, kuma kafin wata uku an dawo da ita da rai an ce yanzu tana cikin dangin X-Men, duk a shekarar da fim ɗinta zai fito. Wallahi abin ya min ciwo, don wanda ya san yarinyar nan tun farko ya san ba haka ya kamata a yi da ita ba.

Kuma ba ita kaɗai ba. A Civil War na 2006 Spider-Man ya cire abin rufe fuskarsa a gaban 'yan jarida, sirrin da ya yi sama da shekara arba'in yana ɓoyewa, muka ce lallai wannan karon da gaske suke, zuwa ƙarshen 2007 an share shi, an share har da aurensa da Mary Jane a wata yarjejeniya da shaiɗani Mephisto. An harbe Captain America a 2007, ya dawo a 2009. DC kuwa a watan Satumba 2011 bayan gangaminta na Flashpoint ta mayar da littattafai 52 lamba 1 gaba ɗaya, har da Action Comics, littafin Superman, da ya haura fitowa 900, sannan a 2016 suka dawo masa da tsohuwar lambarsa, suka kuma dawo da yawa daga abin da suka zubar. Mai karatu ba wawa ba ne, yana lura, kuma in ya gane duk abin da za a yi masa kuka a kai yau gobe za a warware, sai ya daina ba da zuciyarsa.

To me ya sa suke ci gaba tunda ana ta ƙorafi shekara da shekaru? Amsar tana cikin yadda ake sayar da komik a Amurka. Masu shagunan komik su ne ainihin kwastomomin kamfani, su suke yin oda tun kusan wata biyu kafin littafi ya fito, kuma yawanci abin da bai sayu ba ba a mayar wa kamfani, asarar mai shago ce. Saboda haka in an ce ga babban gangami, mai shago yana tsoron kar a zo nema ya ce babu, sai ya yi oda da yawa, kamfani kuma ya rubuta cewa ya sayar, ko littafin ya kwana a kan kanta ko an karanta shi wannan ba ya cikin lissafin farko. Lamba 1 ta fi lamba 27 samun oda, littafin da aka manna wa tambarin gangami ya fi wanda ba shi da shi, ga kuma dabarar bango kala-kala inda sai mai shago ya yi odar kwafi 25 ko 50 ko 100 kafin a ba shi wani bango na musamman guda ɗaya. Duk wannan yana ɗaga lissafin wata uku, amma ba ya haifar da sabon mai karatu ko ɗaya. Har gaggawar ma tana nunawa a aikin, Secret Wars na 2015 an tsara shi fitowa 8 ya koma 9 ya yi ta jinkiri, ƙarshensa bai fito ba sai Janairu 2016, alhali littattafan da suke ba da labarin bayan gangamin sun fara fita tun Oktoba, wato ka riga ka san wa ya tsira kafin ka karanta yaƙin.

Kuma sun taɓa ganin inda irin wannan hanyar take kaiwa. A farkon shekarun 1990 aka yi ta buga bango masu ƙyalli da lambobin farko, mutuwar Superman a 1992 ta jawo mutane suna layi suna saye don su ajiye wai zai yi daraja, da ya dawo a 1993 aka gane kowa yana da kwafi, kasuwa ta faɗi, shaguna masu yawa suka rufe, Marvel kanta ta shiga kotun fatara a Disamba 1996. Akwai wasu dalilan a ciki kamar basussukan masu kamfanin, amma dai Hausawa sun ce in ganga ta cika zaƙi fashewa za ta yi.

Ni ba cewa nake a daina haɗa jarumai ba sam, ai daɗin duniyar tasu kenan, ka ga wannan ya shigo garin wancan. Kuma an nuna ana iya yi ba tare da an wahalar da mutane ba. Robert Kirkman a littafinsa Invincible ya yi babban yaƙi da ya jawo jaruman kamfanin Image da yawa, ya gama shi a fitowa ɗaya tak, ta 60, sannan ya ɗau lokaci yana nuna ɓarnar da yaƙin ya bari, littafin kuma ya tafi daga 1 har 144 a jere ya ƙare. A Marvel ma, Hawkeye na Matt Fraction da David Aja fitowa 22 ne, galibinsa a kan wani gidan haya da maƙwabta da kare, an ƙyale shi ya yi abinsa kuma har yau ana ba sabon shiga shawarar ya fara da shi. Ka dubi komik ɗin Japan ma, yaro ya ɗauki kundi na 1 ya wuce na 2, ba mai ce masa sai ya nemo jadawalin karatu a intanet tukuna, kuma ina ganin wannan sauƙin yana daga cikin abin da ya sa matasa suke tururuwa can.

Abin da nake so daga kamfanonin nan ba shi da yawa. Gangami ya tsaya a nasa littafin daga farko zuwa ƙarshe, marubucin da yake son shiga ya shiga wanda ba ya so a bar shi, a sa shekara uku ko huɗu tsakani, in kuma aka ce abu ya canza to a bar shi ya canza ɗin. Mu masu karatu kuma, ƙorafi a Facebook ba ya canza komai in dai muna ci gaba da saye, don lissafin oda kawai suke dubawa, gara mutum ya sa kuɗinsa a ƙaramin littafin da yake so tun kafin a rufe shi. Kai kuma Malam Edita, roƙona shi ne duk sanda za ku kawo labarin wani sabon fim na jaruman nan, a ɗan ƙara layi biyu don matasa, a gaya musu ba sai sun bi jerin gangamin nan ba, su nemi kundin farko na jarumi ɗaya da ya burge su wanda marubuci ɗaya ya riƙe, su karanta shi zuwa ƙarshe, in sun ga tambarin gangami a bangon wata fitowa su tsallake ta kawai su ci gaba.

Na gode da wannan fili, Allah ya ƙara ɗaukaka jaridar.

Wassalam,
Wani mai karanta jaridarku.