A Kula Da Farasitamol, Hanta Ba Ta Kuka

Ranka ya daɗe Edita,

Na karanta rahoton da kuka buga kan masanan da suka ƙarar da rayuwarsu wajen binciken maitokondiriya, wato ƴan injinan da ke samar wa ƙwayoyin halittar jiki kuzari. Wani zai ce ina ruwanmu da wannan, alhali maganar tana cikin aljihunmu.

Binciken irinsu ne ya nuna yadda farasitamol, idan ya yi yawa, yake rikiɗa ya zama guba a hanta. Gubar tana cinye garkuwar da ake kira gulutatayon, ta lalata waɗannan injina, ƙwayoyin hanta su yi ta mutuwa. Abin tsoron shi ne, a ranar farko mutum na iya jin kansa garau.

Shekaranjiya a gabana wani ɗan acaba ya afa farasitamol ƙwaya 4 lokaci guda, ya kora da shayi, wai gajiya. Ga maganin mura a aljihunsa, shi ma da farasitamol ciki.

Birtaniya ta taƙaita yawan ƙwayoyin da ake sayarwa a kwali guda tun 1998. Ina roƙon hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya, NAFDAC, ta duba hakan, ta kuma sa a rubuta da Hausa a jikin kwali cewa babba kada ya wuce giram 4 a yini.

Naku,
Wani mai karatu daga Kano