Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Mai Girma Gwamnan Jihar Sakkwato

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe.

Ni malamin firamare ne a Mabera, kuma abin da nake gani a ƙofar gidana ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Kullum bayan sallar isha'i yara shida ko bakwai kan taru a dakalina, kai da kai, kan waya ɗaya mai tsagaggen gilashi. Ertugrul suke kallo, fim ɗin Turkawa da aka fassara da Hausa. Ran nan na leƙa. Wallahi ban iya bambance fuskar mutum da kututturen itace ba. In dawaki suka sheƙa a guje sai hoton ya farfashe ya koma dabbare-dabbare, in kuwa dare ya yi a cikin fim ɗin, to sai duhu da ƙarar takubba. Mai tura fina-finai ne ya matse shi don kashi da yawa su shiga ƙaramin memori. Mai kallo a YouTube shi ma kan mai da shi 144p, wato hoto mafi ƙarancin inganci, don kada data ta ƙare. Ƙaraminsu har hawaye yake yi saboda ƙura ido, amma ko motsi ba ya yi. Ta murya suke gane kowa.

Na tambaye su sunan mahaifin Usman da ya kafa daular Usmaniyya ta Turkiyya, suka amsa baki ɗaya: Ertugrul. Na ce to me ya faru a Tabkin Kwatto, inda jama'ar Shehu Usmanu Danfodiyo suka gwabza da Gobirawa? Suka yi tsuru-tsuru. Daren nan ban yi barcin kirki ba, don uku daga cikinsu 'yan ajina ne.

Ban ga laifin Turkawa ba. Gidan talabijin ɗin gwamnatinsu, TRT, shi ya nuna shirin daga 2014 zuwa 2019, kashi 150. Sun san darajar nasu ne.

Mu fa, ranka ya daɗe? Ga hijirar Shehu daga Degel zuwa Gudu a 1804, ga faɗuwar Alkalawa, babban birnin Gobir, a 1808. Ga Nana Asma'u tana naɗa wa jajoji, wato jagororin mata ɗalibanta, malfa, su bi ƙauyuka suna karantar da mata. Ga safiyar yaƙin Giginya da Turawa a watan Maris na 1903, da Sarkin Musulmi Attahiru ya bar gari ya nufi gabas, talakawa suna barin gidajensu suna bin sa, har Burmi inda ya yi shahada. Yaron da ya jure wa hoto dishi-dishi don tarihin wasu, yaya zai yi in ya ga wannan garau, da harshen uwarsa?

Roƙona shi ne gwamnati ta ware kuɗi a shirya mana wasan kwaikwayo na tarihinmu, a nuna a gidan talabijin na Rima. Masana na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu su tsare gaskiyar labarin. Batun nuna fuskar Shehu da manyan almajiransa, wannan a bar wa malamai da Majalisar Sarkin Musulmi, ba hurumin irina ba ne.

Sannan a dawo da majigi. Mahaifina, Allah ya jiƙan sa, ya sha ba mu labarin yadda gari kan taru a ƙofar fada in motar majigi ta iso. A kafa babban allo a Filin Shehu Kangiwa da hedikwatocin ƙananan hukumomi, kyauta. A kuma bai wa masu tura fina-finai kwafi mai kyau ba da ko sisi ba, tunda ta hannunsu yake isa ga yara.

Ranar da aka fara nunawa, da kaina zan kawo yaran dakalina, in zaunar da ƙaramin a sahun gaba.

Allah ya taya ka riƙo.

Naka,
Wani malamin firamare, Mabera, Sakkwato