Wasiƙa ga ɗana kan farin beyar da gizo-gizon tarantula

Assalamu alaikum ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, saƙonka ya iso. Ka ce an ba ka zaɓi a binciken kammala karatu, ko farin beyar, babbar dabbar nan mai cin nama ta yankin Aktik mai ƙanƙara a ƙuryar arewacin duniya, ko babban gizo-gizon nan mai gashi, tarantula, kuma abokanka na yi maka dariya don ranka ya fi kwanciya da gizon. Kada ka biye musu.

Beyar na cikin haɗari, ban musa ba. Namijinsa kan haura kilo 400, amma duk girman nan da ƙanƙarar teku ya dogara, a kanta yake kwanto bakin rami har dabbar ruwan nan sil ta leƙo shan iska. Ɗumamar yanayi na narkar da ƙanƙarar da wuri, kwanakin yunwarsa na ƙaruwa. Sai dai shi yana da gata. Tun 1973 Kanada, Amurka, Norwe, Denmak da Tarayyar Sobiyat suka sa hannu a Oslo kan kare shi, har an ƙiyasta yawansa wajen 26,000.

Gizon fa, wa ya ƙirga shi? Irinsa ya haura 1,000. Macen wasu kan yi shekara 20 ko fiye a raminta, tana saɓa kamar maciji, namijin kuwa ba ya daɗewa bayan ya balaga. Sai ta shekara da shekaru kafin ta isa yin ƙwai, shi ya sa duk wadda aka tono aka sayar wa masu kiwon sha'awa, da zuriyarta aka tafi. Abin da ya sami mai jan gwiwa na Meksiko ke nan, har yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, ta taƙaita cinikinsa a 1985. A jihar Andhra Pradesh ta Indiya akwai wani shuɗi mai zama a kogon bishiya, dajin da aka san shi da shi bai kai murabba'in kilomita 100 ba, ga masu saran itace. Sai a 2019 danginsa suka shiga yarjejeniyar. Abin tausayi, halittar da ake gudu haka dafinta da wuya ya kashe mutum, ita kuwa faɗowa daga hannu kaɗai kan fasa mata ciki.

Ceton beyar sai manyan ƙasashe sun rage hayaƙin da suke fitarwa. Na gizon kuwa, mai haƙuri ɗaya da ya gano inda ramukansa suke, ya koya wa jami'an kwastam gane irin da aka hana fitarwa, ya yi aikin da za a gani. Can nake so ka sa ƙarfinka.

Kada ka ɗauko ko ɗaya daga daji ba da izini ba, kada ka ɗora shi a hannu don hoto. Ka kuma kiyaye idonka, na nahiyar Amurka kan watso gashin cikinsu mai ƙaiƙayi idan an tsorata su.

Mahaifiyarka na gaishe ka. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka