Rahoton Ayyukan Ƙungiya na Shekarar 2025

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Shugaba, iyayen ƙungiya, malamanmu, 'yan uwa mambobi da ɗalibai. A madadin kwamitin zartarwa, ga rahoton abin da ƙungiyarmu ta masu bincike kan ƙirƙirarriyar basira da amfani da kwamfuta ta gudanar a shekarar 2025. Kamar yadda aka saba, ana aiko shi kafin babban taro domin kowa ya karanta a natse, ya zo da gyara ko tambaya. Lissafin kuɗi yana tafe daban daga wurin Ma'aji.

Aikin da ya fi cin lokacinmu bana, kuma wanda kwamiti ke ganin ya fi koya mana abu, shi ne na rabon ruwan noman rani. Da shi zan fara, kuma a kansa zan fi daɗewa.

Kwaikwayon rabon ruwa

Saboda sababbin mambobi, bari in ɗan yi shimfiɗa. Aikin kwaikwayo ne a cikin kwamfuta, bisa abin da ake kira tsarin wakilai da yawa. A wannan tsari, ba a rubuta babbar manhaja guda mai yanke hukunci kan komai. Ana gina ƙananan wakilai ne, kowanne da burinsa da ɗan abin da ya sani, a sake su su yi cuɗanya, sannan a zuba ido a ga abin da zai fito daga tarin shawarwarinsu. Tun a 1971 Thomas Schelling ya nuna ƙarfin wannan dabara, lokacin da ya jera kwabbai a kan allo ya nuna yadda unguwanni ke rabuwa gida biyu ko da mazaunansu ba su da tsananin ƙin maƙwabtaka da masu wani launin fata.

Rukunin da ke wannan aiki ya zaɓi filayen da ke kudu da Kano, wajejen Kura da Bunkure da Garun Malam, masu shan ruwa daga madatsar Tiga da aka kammala a 1974. Matsalar kowa ya san ta: mai gona a bakin kanal yana sha ya ƙoshi, na can ƙarshe yana jira. An gina kwaikwayon da NetLogo, manhajar da Uri Wilensky ya fitar a 1999, saboda kyauta ce kuma tana tashi a kan kwamfutar ɗalibi ba tare da wahala ba. Kowane wakili manomi ne mai fili, da irin da ya shuka, da ɗan jari, da ranar da ruwa ke zagayo masa. A zubin farko an ba wakilan ƙa'idar da aka fi gani a takardu, wato kowa ya ja ruwa iya yadda zai iya. Kafin kaka ta zo a cikin kwamfutar, gonakin ƙarshen kanal duk sun ƙone.

Da an tsaya nan, da an rubuta takarda mai kyan gani. Amma rukunin ya bi sawun wasu masu bincike na Faransa, Olivier Barreteau da François Bousquet, waɗanda suka gina irin wannan kwaikwayo mai suna SHADOC kan noman rani a kwarin kogin Sanagal a ƙarshen shekarun 1990, sannan suka mayar da shi wasa da katuna suka ajiye a gaban manoman da kansu. Mu ma haka aka yi. An zana kanal a kan babbar takarda, aka raba wa manoma katuna, kowa ya riƙe gona, aka ce a raba ruwa.

Ba a yi nisa ba dattawan suka fara gyara mana. Suka ce ina injin ban ruwa a cikin wannan abu naku, alhali mai hali idan ruwa bai iso ba sai ya ja daga magudanar da ke kwashe rarar ruwa ko ya haƙa rijiya a gonarsa? Suka ce ina ban ruwan dare? Ina mutumin da ke bar wa maƙwabcinsa ranarsa saboda ya yi dashen tumatir jiya, da sanin cewa za a rama masa? Wani ya ja hankalinmu kan cewa wanda ya karɓi hayar fili na kaka ɗaya ba ya damuwa da fitowa aikin gayyar yashe kanal da cire kacala kamar mai gonar gado, kuma idan ciyawa ta toshe hanya, ko babu wanda ya saci ruwa na ƙarshe ba zai gani ba. Wannan magana ta ƙarshe ita ta juya akalar aikin gaba ɗaya. Ɗalibanmu sun je da tunanin cewa matsalar haɗama ce, suka dawo suna lissafin wanda ke gyaran kanal da wanda ba ya yi.

Wanda ya karanta ayyukan Elinor Ostrom, wadda ta samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2009, ba zai yi mamaki ba. Ta daɗe da nuna cewa al'ummomin da ke tarayya a ruwa ko makiyaya sukan kafa ƙa'idojinsu, su sa ido kan juna, su hukunta mai karya doka daidai laifinsa. Amma karantawa daban, ji daga bakin mai gona daban. Yanzu ana sake rubuta wakilan: an ƙara musu dangantaka da maƙwabta, da bashin ranar ruwa, da bambancin mai fili da ɗan haya, da bambancin shinkafa mai shan ruwa da alkama.

Kwamiti na so wannan ya zama al'adar ƙungiya. Duk kwaikwayon da ya shafi mutane, kada a kai shi mujalla sai mutanen da aka kwaikwaya sun gan shi, sun faɗi ko sun gane kansu a ciki. Kwamfuta ba ta musu da mai rubuta mata ƙa'ida. Duk abin da ka zuba mata za ta juya ta ba ka da zane mai launi, kuma mai duba takarda a wata ƙasa ba shi da hanyar sanin cewa babu manomin da ke yin haka.

An nemi izinin kowane manomi kafin a naɗi muryarsa, an kuma cire sunaye da lambobin waya daga bayanan, bisa Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023. Mun yi musu alkawarin komawa da sabon zubin kafin a fara shirin noman rani mai zuwa. Wannan alkawari bashi ne a wuyanmu duka, ba a wuyan rukunin kaɗai ba.

Zauren karatu

Zauren karatu na wata-wata ya ci gaba ta intanet, in ban da hutun azumi da na jarrabawa. Abin da muka lura da shi bana shi ne ɗalibai da dama na zuwa da zaton cewa tsarin wakilai sabon abu ne da ya zo tare da ChatGPT a ƙarshen 2022, wato a haɗa manhajojin hira biyu ko uku suna miƙa wa juna aiki. Saboda haka aka koma baya da gangan. An karanta takardar Reid Smith ta 1980 kan yadda wakili ke shelanta aiki, sauran su yi tayi, ya zaɓi wanda ya fi dacewa, kamar dai mai gini da ke kiran magina su faɗi farashinsu. An duba aikin Craig Reynolds na 1987 da ya fitar da tashin garken tsuntsaye daga ƙa'idoji 3 kacal, da na Marco Dorigo na 1992 da ya kwaikwayi yadda tururuwa ke gano gajeriyar hanya.

Amfanin hakan ya fito fili. Tambayoyin da ke damun masu haɗa manyan manhajojin harshe irin su ChatGPT a yau su ne dai na da: wa ke raba aiki, me za a yi idan wakili ɗaya ya kawo ƙarya sauran suka ɗora a kai, yaya za a san an gama. Ɗalibin da ya san an shafe fiye da shekara 40 ana kokawa da su ba zai ɓata digirinsa wajen sake gano abin da aka riga aka gano ba.

A watan Maris aka sanar da cewa Andrew Barto da Richard Sutton ne suka samu kyautar Turing, babbar lambar yabo ta kimiyyar kwamfuta, saboda aikinsu kan yadda na'ura ke koyo ta hanyar gwaji da lada. Zauren ya ware zama biyu a kan haka, musamman kan abin da ke faruwa idan masu koyon sun yi yawa a wuri ɗaya, kowa na sauya hali yayin da sauran ke ƙoƙarin fahimtarsa.

Harshe da zirga-zirga

Rukunin harshe ya ci gaba da tsabtace rubutun Hausa da ake horar da na'ura da shi. Yawancin wahalar tana wurin haruffa masu lanƙwasa, domin masu rubutu a waya kan bar su, ga kuma bambancin ƙa'idar rubutu tsakanin Najeriya da Nijar. An yi amfani da tarin bayanan NaijaSenti na 2022 da na AfriSenti na 2023 mai harsunan Afirka 14 wajen koyar da ɗalibai. Muna jinjina wa 'yan HausaNLP da Masakhane, ƙungiyoyin masu binciken koya wa na'ura harsunan Afirka, da suka bar irin waɗannan bayanai a buɗe, kuma shawarar kwamiti ita ce mu riƙa ƙara wa nasu maimakon kowa ya kafa tasa rumfar.

Rukunin zirga-zirga kuwa ya fara gwada manhajar SUMO mai kwaikwayon zirga-zirgar ababen hawa, ta cibiyar binciken sararin samaniya ta Jamus, kan wata mahaɗa a Kano. Tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a birnin a 2013, A Daidaita Sahu ne ya cika titi, kuma direban da SUMO ke zuwa da shi ba ya tsayawa kwatsam don fasinja ya ɗaga hannu. Aikin yana matakin ƙirga ababen hawa. Muna fatan su ma za su zauna da direbobin.

Horarwa da taruka

An yi bitar Python, harshen rubuta manhaja, da NetLogo ga ɗaliban digiri na biyu, aka kuma yi zama kan rubuta takardar neman tallafin bincike, da ido kan asusun bincike na TETFund da kuma kiraye-kirayen cibiyar ƙirƙirarriyar basira ta ƙasa (NCAIR) da ke ƙarƙashin hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta NITDA. Wasu mambobi sun halarci Deep Learning Indaba, taron masu binciken ƙirƙirarriyar basira na Afirka, a Kigali a watan Agusta, sun kuma yi wa zaure bayani da suka dawo. Taron AAMAS, wanda shi ne babban dandalin masu binciken wakilai tun da aka fara shi a Bologna a 2002, bana a Detroit ta Amurka aka yi shi a watan Mayu. Kuɗin jirgi da na rajista sun fi ƙarfinmu, sai dai muka bi takardun da aka wallafa.

Matsaloli

Wutar lantarki da tsadar dala su ne kan gaba. Tun da aka saki naira a 2023, hayar na'urorin GPU, masu ƙarfin lissafin da ake horar da ƙirƙirarriyar basira da su, ta intanet ta gagari yawancin ɗalibai. Wannan ma dalili ne da ya sa kwamiti ke ƙarfafa binciken wakilai: tambayar da ta shafi ruwan manoma ko cunkoson titi tana amsuwa a kan kwamfutar cinya, kuma bayanan da take bukata suna nan kusa da mu, ba a hannun wani kamfani ba.

Kuɗin mamba bai shigo yadda ya kamata ba, har ta kai wasu malamai ne suka biya kuɗin motar zuwa gona daga aljihunsu. Allah Ya saka musu da alheri, amma ba za a ɗore a haka ba. Halartar mata a zauren karatu ta ragu tun da aka mayar da shi bayan Isha, kuma 'yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram sun koka da cewa yawancin takardun da ake zaɓa da Turanci suke alhali su da Faransanci suka yi karatu. Duka koke-koken biyu suna da hujja. Kwamiti ya amince a dawo da zama bayan La'asar ranar Asabar, a kuma riƙa gabatar da taƙaitaccen bayanin kowace takarda da Hausa kafin a shiga tattaunawa.

Muna miƙa ta'aziyya ga mambobin da suka yi rashi a cikin shekarar. Allah Ya jiƙan mamatan, Ya ba iyalai haƙuri. Muna kuma taya waɗanda suka kare kundin digirinsu murna.

Abin da ke gaba

A 2026 kwamiti na neman amincewarku kan abu uku: a kammala zubi na biyu na kwaikwayon rabon ruwa a mayar wa manoman, a ajiye lambobin manhajar a GitHub, shafin intanet na ajiye manhajoji, domin kowa ya iya dubawa ya sake gwadawa, sannan a nemo masanin aikin gona da masanin zamantakewa su shiga rukunin a matsayin cikakkun mambobi, ba baƙin da ake gayyata ranar gabatarwa ba. Mai son jagorantar wani zama a zauren karatu ya sanar da sakatariya tare da takardar da ya zaɓa.

Wa'adin wannan kwamiti zai ƙare a babban taro, inda za a yi zaɓe. Za a aiko da rana da wuri da takardar tsayawa takara ta hanyar da aka saba. Ana roƙon wanda ake bin sa kuɗin mamba ya biya kafin ranar, domin bisa tsarin ƙungiya sai wanda ya biya ke kaɗa ƙuri'a.

Wassalam.

Sakataren Ƙungiya,
a madadin Kwamitin Zartarwa