Illolin Magungunan Tawayar Jijiyoyin Ruwan Jiki

Malam Edita,

Ina roƙon fili domin in ja hankalin iyayen yaran da aka haifa da tawayar jijiyoyin ruwan jiki, wadda kan fito kamar ƙullutu mai laushi a wuya ko hammata. Maganin sirolimus yana rage kumburin, amma yana raunana garkuwar jiki, yana kuma haddasa gyambon baki da hauhawar kitse a jini. Don haka gwajin jini a kai a kai wajibi ne, kuma da zarar zazzaɓi ya taso a garzaya asibiti.

Allurar bleomycin da ake yi cikin ƙullutun kuwa takan bar baƙin tabo a fata, idan ta wuce kima kuma tana iya taɓa huhu. A ganina, haƙƙin iyaye ne likita ya bayyana musu waɗannan illoli kafin a fara magani.

Naku,
Wani mai karatu