Takardar Koke Zuwa Ga Mai Girma Hakimi Kan 'Ya'yanmu Da Ke Tsare Ba Tare Da Hukunci Ba

Zuwa ga Mai Girma Hakimi,
ta hannun Dagaci da Masu Unguwanninmu,
Birnin Kano.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwar ban girma, mu ne talakawanka: iyaye maza da mata, limaman masallatanmu, 'yan kasuwa, masu sana'ar hannu da matasan unguwa. Sau uku muna zama a ƙofar masallaci bayan sallar isha'i kafin mu amince a rubuta wannan takarda, saboda gudun kada a ce mun zo kare masu laifi. A cikinmu akwai wanda 'yan ƙwacen waya suka sara a hannu, akwai wanda 'yan daba suka fasa wa shago. Duk wanda ya zare wuƙa ya tare hanya, a hukunta shi, mu ne ma za mu fara ba da shaida. Kukanmu a kan wasu ne daban, waɗanda bashi, ko tara, ko rashin mai tsaya musu ya kai gidan yari, har aka manta da su a can.

Akwai wani yaro a layinmu, ɗan adaidaita sahu, da ke tuƙa babur ɗin wani yana kai masa balas kullum. Inji ya buga, babur ya yi mako uku a wajen bakanike, balas ya taru. Mai babur ya kai ƙara caji ofis, aka rubuta cin amana da zamba. Yaron ya kwana huɗu a bayan kanta kafin a kai shi kotu. An ba da belinsa, amma da sharaɗin a kawo babban ma'aikacin gwamnati ko mai takardar mallakar fili. Mahaifinsa ya rasu, mahaifiyarsa awara take soyawa a ƙofar gida, ina za ta samo irin wannan mutum? Yau wata takwas ke nan. Ranar da aka sa za a zauna, sai a ce mai gabatar da ƙara bai zo ba. Wata rana motar gidan yari ce ba ta da mai. Wata rana fayil ne ba a gani ba, sai a sake ɗagewa.

Wannan baiwar Allah duk mako take zuba tuwo a kula ta hau mota. A bakin ƙofa gandiroba ya sa ta ɗanɗana a gabansa, sannan ta ga ɗanta ta bayan waya na 'yan mintoci. Ta faɗa wa matanmu cewa ƙazuwa ta cinye masa tsakanin yatsu, kuma ya daina tambayarta ranar fita. Abin da ta kashe a kuɗin mota da lauya da na goro ya riga ya haura bashin da ake bin sa. Shi kuwa mai babur har yau ko kwabo bai karɓa ba, domin wanda zai nemo kuɗin yana kulle.

Allah ya ja zamaninka, abin da ya fi ci mana rai shi ne doka ta riga ta hana wannan. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015, wadda Jihar Kano ta yi irin tata a 2019, da Dokar 'Yan Sanda ta 2020, sun hana a kama mutum a kan bashi ko saɓa yarjejeniya kawai. Tun kafin su, Allah Maɗaukaki ya yi umarni a aya ta 280 cikin Suratul Baƙara cewa idan wanda ake bi bashi yana cikin ƙunci, a jinkirta masa har ya samu sauƙi. Dokokin nan sun kuma hana kama wani a madadin wani, amma da idonmu mun ga an tafi da dattijo mai furfura cikin dare, an ce sai ɗansa ya kawo kansa za a sake shi. Sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40. Wace unguwa ce a birnin Kano ta yi wa kotu wannan nisa? A bangon caji ofis an rubuta beli kyauta ne, amma a tambayi duk uban da ya taɓa zuwa karɓo ɗansa.

Sai batun samame. A zo teburin mai shayi da dare a yi kamun kan mai uwa da wabi, a haɗa mai laifi da wanda ya taso daga gareji ya tsaya cin Indomie. Mai abin hannu ya kwana a gida, marar shi a tuhume shi da zaman banza. Tun 1989 aka soke laifin yawon dare a Najeriya, sai dai sassan da ke magana kan masu zaman banza da 'yan gararamba, waɗanda muka gada daga kundin Final Kod na 1960, har yanzu ana fakewa da irinsu. A watan Disamba na 2020 Kotun Afirka ta Kare Haƙƙin Ɗan Adam da ke Arusha ta bayyana cewa irin waɗannan dokoki sun saɓa wa yarjejeniyar haƙƙin ɗan Adam ta nahiyar, domin halin rayuwar mutum suke hukuntawa, ba wani abu da ya aikata ba. Rashin aiki kuwa ba yaranmu suka ƙirƙire shi ba.

Matsalar ba ta unguwarmu kaɗai ba ce. Kusan biyu cikin kowane mutum uku da ke gidajen gyaran hali na ƙasar nan jiran shari'a suke yi, babu alƙalin da ya ce sun yi laifi. A watan Nuwamba na 2023 Ministan Harkokin Cikin Gida, Olubunmi Tunji-Ojo, ya ƙaddamar da sakin mutum 4,068 bayan an tara naira miliyan 585 an biya musu tara da diyya. In an raba, kowane mutum bai kai naira dubu 150 ba. Abin da ya raba su da iyalansu ke nan. Gidan yarin Kurmawa kuma tun 1910 aka gina shi, lokacin da Kano ba ta kai ko kusa da yawan yau ba. Idan aka cusa yaron da ya ci bashi ɗaki ɗaya da ɗan fashi wata da watanni, me ake sa ran zai koyo? Ya fito ba sana'a, ana nuna shi da baki, ba mai ba shi babur, ba mai ba shi 'ya. Mu ne za mu zauna da shi a unguwa, ba waɗanda suka ɗage shari'arsa ba.

Mu ma da namu laifin, ba za mu ɓoye maka ba. Da yawanmu ƙaramar rigima ta haɗa mu da maƙwabci, sai ka ji ana "sai na ɗaure ka", a tsallake mai unguwa da liman a tafi caji ofis. Limamanmu sun yi alƙawarin za su yi huɗuba a kan wannan.

Don haka muke roƙo, ranka ya daɗe, ka kira Baturen 'yan sandan yankinmu ku zauna, a cimma matsaya cewa rigimar bashi, haya, balas da adashi a riƙa mayar da ita zauren mai unguwa ko kotun da ke sauraron irin waɗannan ƙararraki. Doka ta ɗora wa majistare ya riƙa duba ɗakunan tsare mutane na caji ofis duk wata. Muna so ka sa baki a riƙa yi, kuma a bar wakilinka ya raka shi.

Babban abin da muke nema shi ne rajista. Kowane mai unguwa ya san gidan da aka ɗauke wa yaro. A umarce su su rubuta sunan duk wanda ke tsare, ranar da aka kama shi, abin da ake zarginsa da shi da kotun da shari'ar take. Wannan rajista ta bi ta fadarka zuwa ga Babbar Jojin Jiha, Mai Shari'a Dije Abdu Aboki, wadda doka ta ba ikon sallamar waɗanda zamansu ya wuce ƙa'ida idan ta kai ziyara gidajen yari, a kuma ba da kwafi ga Ma'aikatar Shari'a da hukumar da ke ba marasa galihu lauya kyauta. Yawancin yaran nan ba ƙiyayya ce ta riƙe su ba, sunansu ne bai kai gaban wanda zai duba ba. A wajen beli kuma, a ƙananan laifuka a karɓi mai unguwa, ko liman, ko shugaban sana'ar yaro. Uwa ma doka ta yarda ta tsaya wa ɗanta, a daina mayar da mata baya.

Dokar gyaran hali da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a 2019 ta buɗe ƙofar hukuncin da ba ɗauri ba, kamar yi wa al'umma aiki. Muna da magudanan ruwa da ke toshewa duk damina, muna da maƙabarta da ciyawa ta rufe. A ba mu masu ƙananan laifuka su yi wannan aiki, su kwana a gida, su biya wanda suka ɓata wa, mu za mu sa ido tare da jami'an hukumar gidajen gyaran hali. Tun gyaran tsarin mulki na 2023 jihohi ma sun samu hurumi a harkar gidajen gyaran hali, saboda haka muna fata ka kai maganar gaban majalisar masarauta, ta isar da ita ga majalisar dokokin jiha, a sake duba sassan zaman banza.

Mun fara haɗa sunayen na layukanmu, har da yaron adaidaita sahun nan. Mai babur ɗin ma mun same shi, ya ce in an saki yaron zai karɓi kuɗinsa kaɗan-kaɗan. Duk ranar da ka ba mu, za mu zo fada da takardun da iyayen yaran.

Allah ya ƙara maka lafiya da imani, ya ja zamaninka.

Mu ne talakawanka masu biyayya,
iyaye, limamai, 'yan kasuwa da matasan unguwanninka.