Kawu ya riga mu gidan gaskiya

Assalamu alaikum mutumina,

Ya Legas, ya kasuwa, ya uwargida da yara? Da fatan kowa lafiya. Na yi ta neman layinka ba ya shiga, shi ya sa na ce bari kawai in zauna in rubuto maka, in ka samu caji sai ka karanta a nitse.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un, Kawu Allah ya yi masa rasuwa daren Juma'ar da ta wuce, ciwon ƙirjin nan ne da ya daɗe yana ɓoyewa, da safe aka kai shi makwancinsa. Na san kai ma mutuwar taka ce, don ko a waya ka kira ni sai ka ce ya tsoho mai burtu, to tsoho mai burtu dai ya tafi. Wallahi jama'ar da ta taru ban taɓa ganin irinta a ƙauyen nan ba, maharba daga Duguri da Alƙaleri har da Sarkin Baka da kansa, sannan abin da ya ba ni mamaki har ma'aikatan gandun Yankari sun zo a motarsu, ka ga maharbi ya mutu amma masu kama maharba suna sahun gaba suna share hawaye.

Ka tuna hutun da ka biyo ni gida muna sakandare, ya ce mu bi shi mu ga yadda ake yi? Ya ɗaura kan burtu a goshi, ya lulluɓa da baƙin zane, ya durƙusa yana tafiya yana ɗan sunkuyar da kan nan kamar mai tsintar fara a ciyawa, mu kuma muna bayan kargo an ce ko tari kar mu yi. Zabin daji suna ta kiwonsu ba su san mutum ba ne har ya kai kusa da su, kai kuma dariya ta kama ka ka toshe baki da hula. Ya dawo da zabi biyu ya ce ya isa, alhali garken yana nan da yawa. Na tambaye shi me ya sa, ya ce tukunya ɗaya ce a gidan.

Haka yake fa har ya tsufa. Da damina ta faɗi zai rataye bindigar tokarsa a ɗaki ya kama fartanya, wai lokacin haihuwar namun daji ne, ba ya harbin mai ciki ba ya harbin mai goyo, kuma ba ya cinna wa daji wuta don gafiya irin yadda samarin yanzu suke yi su ƙone rabin gari saboda naman da bai cika kwano ba. Ita ko Yankari cewa yake tun 1956 aka shata ta, aka buɗe wa baƙi a 1962 yana yaro, gwamnatin tarayya ta karɓa a 1991, ta dawo hannun Bauchi a 2006, duk wannan canjin hannu shi bai taɓa tsallaka iyaka da bindiga ba. Wasu maharban suna ganin tsoro ne, ni kuwa na san ba tsoro ba ne, mutumin da giwaye za su fito su afka wa gonakin mutane da dare shi ne zai tashi matasa da gwangwani da wutar kara su kora su har su koma ta wajen kogin Gaji, ko harbi ɗaya ba a yi ba. Ma'aikatan ma in sawu ya rikice musu wurinsa suke zuwa, ya tsuguna ya duba ya ce wannan gwanki ne, jiya da yamma ya wuce, kuma yana ɗingishi.

Amma ni abin da ya fi tsaya min a rai ba dajin ba ne, gidan ne. Ka san da babana ya rasu mu huɗu ya kwasa ya haɗa da nasa, kuma har na girma ban taɓa jin bambanci ba, ko a rabon nama ko a ɗinkin sallah. In ya dawo daga daji ba ya shiga ɗakinsa sai ya zauna a zaure ya kwance burgami, mu yara mun kewaye shi, ya fiddo kanya, taura, tsada, wani lokacin zuma a ɗan gora, ya bi mu ɗaya bayan ɗaya daga ƙarami zuwa babba, Inna matarsa kuma kullum akwai nata daban a ƙunshe a ganye wanda ba mai taɓawa. Shekarar da ta yi ciwon ƙafa rani guda bai je farauta ba, shi ke ɗebo ruwa shi ke faskare, abokansa na ta yi masa tsiya wai mijin tace, ko a jikinsa. Kuɗin makarantar 'yan matan gidan kuwa da banda da zuma da ɗan gyaɗar gona ya biya, lokacin da mutane ke cewa ɓarnar kuɗi yake yi, yau ga babbar tana aikin jinya a Bauchi kuma ita ce ta riƙe shi a wannan ciwon.

Sau ɗaya a shekara bayan an gama girbi yakan yi shatar mota ya kwashe mu duka zuwa Wikki, maɓuɓɓugar ruwan nan ta cikin Yankari, ya biya kuɗin ƙofa yana mita wai dajin da ya sani tun ba titi yau sai da tikiti. Ruwan nan mai ɗumi da ba ya canzawa ko da sanyin hunturu, mu muna iyo shi yana bakin ruwa da sanda yana gadin kular abinci saboda gwaggon biri, kuma duk da haka wata shekara sai da suka sace masa burodi, maharbi guda, Inna ta yi shekaru tana masa dariyar wannan.

A 'yan shekarun nan ya rage fita, ba don ƙarfi ya ƙare kaɗai ba, dajin ne ya canza, masu gawayi sun ci marke da kirya, ga maganar masu satar mutane da ta sa ko itace mata ba sa nisa. Abin yana cinsa sosai ko da yake ba mai yawan magana ba ne.

Yanzu dai ana ta karɓar gaisuwa. Bindigar mun ce Sarkin Baka ya ajiye tukuna tunda cikin yaran ba wanda ya gaji harbi, burtun kuma autansa ya ce shi ba mai raba shi da shi. Bashi ba a samu kowa yana binsa ba alhamdulillah, sai ma mutane da suke zuwa da kansu suna cewa yana binsu kaza.

Don Allah ka kira Inna ka yi mata gaisuwa, ta tambaye ka har ta gaji, lambar da ka sani ce amma sai da yamma sabis ke kamawa in an fita bakin masallaci. In za ka samu zuwa addu'ar arba'in ka faɗa min da wuri in tare ka a tashar Bauchi mu wuce tare. Ka sa shi a addu'a, Allah ya jiƙansa ya sa Aljanna ce makoma, mu kuma ya kyautata namu ƙarshen. Ka gaida uwargida, ka shafa min kan yara.

Naka har kullum.